Giga Takwas, Uku Ke Aiki

Ƙafar hagu suka yanke wa Baba, daga ƙasan gwiwa kaɗan. Da ya farfaɗo ya ɗaga zanen asibiti ya duba, abin da ya fara cewa shi ne, "Ta kuloci suka ɗauka." Mama ta fashe da kuka. Ni kuwa na tsaya riƙe da robar ruwa, na rasa ko dariya zan yi ko in bi Mama. Shekara talatin da huɗu yana tuƙa tirela, ciwon suga ya sauke shi cikin mako biyu.

Ɗakinsa a sama yake, don haka kafin a sallame shi sai da na ɗauki hutun kwana biyu a kantin maganin da nake aiki, na kwashe ɗakin ƙasa na kusa da matakala. Ɗakin Yaya ne a da, kafin ya koma wurin jibge tarkace. Bayan wata tsohuwar katifa na tarar da kwamfutarsa, baƙar akwati mai nauyi, an rufe ta da labule. Kusa da ita akwai kwali, a ciki sitiyarin wasa ne da abin takawa mai totur da birki. Wayar wutar tana nan yadda aka bar ta, guntuwa, a yanke.

Baba ne ya yanke ta. Shekara takwas ke nan. Ya dawo daga tafiyar mako uku, ya tarar sakamakon jarrabawar Yaya ya fito ba kyau, ya kuma tarar da shi zaune gaban allo da abin sauraro a kunne, ko sallamarsa bai ji ba. Baba ya zare wayar daga bango, ya ɗauko filaya a aljihu ya datse ta, ya faɗi maganganun da ba zan maimaita ba. Bayan wata biyar Yaya ya sami aiki a wani rumbun ajiyar kaya a gari mai nisa, ya tafi. Tun daga nan gaisuwarsu ta hannun Mama take bi. Ko da aka yi wa Baba aiki, Yaya ya kira, amma hirar ba ta wuce "Ya jiki?" da "Da sauƙi" ba.

Ban san inda zan kai kwamfutar ba, sai na tura ta ƙarƙashin tebur, na shimfiɗa wa Baba gado.

Wata uku ya yi a ɗakin nan kamar baƙo. Abokansa na tasha sun yi ta zuwa da farko, suna kiransa da sunan da suka sa masa, Dogon Zango, suna ba shi labarin hanya. Daga baya ya ce wa Mama in sun zo ta ce yana barci. Rediyo ma ya daina kunnawa. Ya juya keken guragunsa ya fuskanci taga, wadda ba ta kallon komai sai bangon maƙwabta. Na san magungunansa ɗaya bayan ɗaya, na san lokacin kowanne, amma wannan ban san maganinsa ba.

Wata Asabar da safe na ce bari in gwada kwamfutar, in tana aiki in ba wa wani. Na zo da sabuwar wayar wuta na jona. Fanka ta yi tari, ta tofo ƙura, allon ya kawo haske. A tsakiyarsa akwai ɗan hoton babbar mota. Na danna. Bayan jira mai tsawo sai ɗakin ya cika da gurnanin inji.

"Wa ya tada mota?" in ji Baba daga kan gado.

"Gem ne, Baba. Na Yaya."

Ya yi tsaki ya juya baya. Ni kuwa na ɗaure sitiyarin a bakin tebur, na taka totur. Fitowata daga garejin ke nan na karya kwana, bayan tirelar ya kwashe ƙofa da turken fitila. Na ja baya, na sake, na sake kwashewa.

"Ke, Uwata!" Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. "Wa ya ce miki haka ake kwana da tirela? Keke kike tuƙawa? Buɗe kwanar!"

Ashe ta madubin jikin kwaba yake kallona. Na buɗe kwanar, na faɗa rami.

"Innalillahi. Turo mini keken nan."

Ƙafar dama ta ishe shi totur da birki. Giya kuwa da yatsa ake sa ta a bayan sitiyari, abin da ya kira raini, amma ya saba cikin awa ɗaya. Ya fitar da motar daga gareji ko ƙwarzane babu. Na ga kafaɗunsa sun miƙe, haɓarsa ta ɗago, idonsa na zuwa madubin hagu yana dawowa. Mama ta leƙo da tire a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa, ta koma da shi.

A rana ta biyu ne hannunsa ya taɓa wani maɓalli, hoton ya fita waje ya nuna motar daga gefe. Shuɗiya ce mai farin layi a ciki, irin tasa sak. A saman gilashin gaba an rubuta DOGON ZANGO. A ƙasan allo kuma akwai adadin tafiyar da aka yi da ita, kilomita dubu sittin da ɗaya da 'yan kai. Baba ya daɗe yana kallo. Ya ciro tabarau ya sa, ya sake kallo.

"Mayar da ni ciki," ya ce. Na mayar da shi.

Matsalar ta fito ne a mako na biyu. A buɗaɗɗiyar hanya motar lafiya lau take tafiya. Amma ya ɗauki lodin janareto zuwa wani birni mai tashar jiragen ruwa, kuma kafin a shiga birnin akwai doguwar gada. Da zarar ya hau gadar, gine-gine suka fara bayyana, motoci suka yi yawa, sai hoton ya fara tsinkewa, ya daskare, gem ɗin ya rufe kansa. Sau shida yana zuwa bakin gadar nan. Na ce ya bar lodin ya ɗauki wani.

"Shekara talatin da huɗu ban taɓa yar da kayan mutane a hanya ba," ya ce. "Ba a kan gadar ƙarya zan fara ba."

Na bincika a waya, duk inda na duba magana ɗaya ce: ram ya yi kaɗan. Ram shi ne wurin da kwamfuta ke baje abin da take aiki da shi a lokacin, kuma tamu giga biyu kawai gare ta. Na buɗe murfin gefe, na ɗauki hoton cikin, na tafi kasuwar kayan lantarki bayan an tashi aiki. Aka nuna mini shagon wata mata da kowa ke kira Injiniya. Za ta kai shekara hamsin, tabarau rataye a wuya, tana shan shayi a kofin da ya yi kama da wanda take zuba ƙananan kusoshi. Ta kalli hoton, ta buɗe durowa, ta ciro 'yan siraran alluna biyu kore, kowanne giga huɗu.

"Kashe ta, ki zare daga bango," ta ce. "Taɓa ƙarfen akwatin kafin ki taɓa waɗannan. Kin ga wannan tsagar? Ta hanya ɗaya kawai yake shiga. Ki danna har ki ji ƙas. In ba ki ji ƙas ba, bai zauna ba. Kada ki ji tsoronsa, ƙanwata, ba ƙwai ba ne."

Washegari muka kwantar da akwatin a kan gadon Baba. Shi ya riƙe tocila, yana ba ni umarni kamar wanda ya shekara yana wannan aiki. Na cire tsohon ram, na sa sabbin. Muka kunna. Fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin.

"Kin kashe ta," in ji Baba.

Na sake buɗewa, na danna na biyun da babban yatsa har sai da na ji ƙas. Allon ya kawo. Baba ya ce daman shi ya ga bai zauna ba, shiru kawai ya yi.

Ya kama hanya. Tafiyar ta ɗan ƙara santsi, har ya fara 'yar waƙa a maƙoshi. Ya hau gada, ya wuce inda yake tsayawa kullum, ya kai tsakiya. Na ga hasumiyoyin tashar jiragen ruwa daga nesa. Sai hoton ya daskare.

Ya saki sitiyarin a hankali, ya ɗora hannuwansa a cinya. Da faɗa ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na shiga inda kwamfutar ke nuna bayanin kanta. An rubuta ram ɗin da ke jikinta giga takwas ne. A gefe kuma an rubuta wanda ake iya amfani da shi: uku da ɗigo biyu. Na karanta wa Baba.

"Ina sauran biyar ɗin?"

"Ban sani ba."

"Jabu aka ba ki. An ga mace, an ga ba ki san kan abin ba."

"Ita ma mai shagon mace ce, Baba."

"To, mace ta cuci mace. Gobe ki kai ni."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Tun dawowarsa daga asibiti ko ƙofar gida bai leƙa ba. Amma da safe na tarar da shi ya yi wanka, ya sa riga mai guga, ya naɗe ƙafar wandon hagu ya maƙale da fil. Mama na ta kai da komo tana goge hannun keken da bai yi datti ba.

Mai tasin da na tsayar ya sha wahala a ranar. Baba ya zauna gaba, akwatin kwamfuta a cinyarsa, yana gyara masa tuƙi tun daga bakin layi. "Ka sa sigina. Ba yanzu ba, tun can baya. Wa ya koya maka taka birki a cikin kwana?" Mutumin ya yi ta cewa "To, Baba," yana kallona ta madubi.

Shagon Injiniya siriri ne, da ƙyar keken ya shiga, sai da aka janye wata firinta. Na shirya maganganu masu zafi tun a hanya, amma Baba ya riga ni.

"'Yata, takwas aka saya, uku ke aiki. Na zo jin inda biyar suka shiga."

Ba ta nuna ɓacin rai ba. Ta gaishe shi, ta yi masa ya jiki, ta jona akwatin a allonta. Tana kunnawa ta yi ta danna wani maɓalli, sai wani shuɗin shafi ya fito mai rubutu zalla.

"Duba nan, Baba. Wannan injin ne da kansa yake magana, kafin komai ya tashi. Nawa ya ce?"

Baba ya matso da tabarau. "Takwas."

"To ram lafiyarsa ƙalau." Ta bar kwamfutar ta gama tashi, ta buɗe shafin da na gani jiya, ta sa yatsa a wani layi da ni ban kula da shi ba. Ta dafe goshi. "Laifina ne, wallahi. Da na tambaye ki wannan tun ranar. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, wadda komai ke hawa kanta, iri biyu ce. Akwai mai bit talatin da biyu, akwai mai sittin da huɗu. Taku ta talatin da biyu ce. Ita wannan iyakar ƙidayarta giga huɗu. Ko ɗari kika zuba mata, ba ta ganin abin da ya wuce nan. A cikin huɗun ma sai an yanki wani abu an ba katin hoto da sauran kayan ciki, shi ya sa kuka ga uku da 'yan kai."

Baba ya juya maganar a ransa. "Wato bodi zai ɗauki tan talatin, amma takardar mota ta ce goma."

"Kusan haka. Sai dai ita wannan ba ɗan sandan da za ka roƙa ya bar ka ka wuce."

Baba ya yi dariya. Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

"To a canja takardar."

"Ana canjawa. Injin zai ɗauki mai sittin da huɗu, na duba. Amma ba a ɗora ta a kan tsohuwar. Sai an yi fomatin, a goge komai, a fara daga farko."

"Komai kamar me?"

"Duk abin da ke ciki. Gem ɗin, hotuna, duk inda aka tsaya."

"Da motar?"

"Da motar. Zan iya kwafe ta gefe in mayar daga baya, galibi tana dawowa. Amma ba zan rantse maka ba."

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya ɗora tafin hannu a kan akwatin. "A'a. Ba tawa ba ce. Uwata, ɗauko mu tafi."

"Baba, gadar fa?"

"Ta zauna."

Injiniya ta kalle ni, na kawar da kai. Ba ta tambayi ko ta wace ce ba. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta ce akwai wata hanya. Za ta cire tsohon faifan ajiya gaba ɗaya, ba za ta goge ko ɗigo a cikinsa ba, ta sa sabo, ta ɗora sabuwar manhajar a kai. In abu bai yi ba, a mayar da tsohon, komai na nan yadda yake.

"Abu ɗaya ne kawai," ta ce. "Gem ɗin sai an sake sauko da shi, kuma da sunan mai shi aka saye shi. Ina buƙatar kalmar sirrinsa."



"Bari in kira Yaya," na ce.

"Ni ban ce a kira kowa ba," in ji Baba, yana kallon silin. Na jira ya ce kada in kira. Bai ce ba.

Lokacin hutun cin abincinsu ne, ina jin ƙarar injinan ɗaga kaya a bayansa. Ya ɗauka da sauri. "Lafiya? Jikin Baba ne?"

"Lafiya lau, Yaya. Maganar kwamfutarka ce." Na sa wayar a sifika na ajiye a kan kanta.

"Wace kwamfuta?" in ji shi. "Ba a zubar da ita ba?"

Na ba shi labarin ram da gada da bit talatin da biyu. Ya ce ai ya sani, wanda ya haɗa masa ita ne ya ɗora abin da ke hannunsa, shi kuma da giga biyu bai taɓa damuwa ba. Birnin nan ma bai taɓa shigarsa ba, kullum a gadar take jefar da shi. "Amma ke yaushe kika fara buga gem?"

"Ba ni ba ce. Baba ne."

Ya yi dariya, ya ji ban taya shi ba, ya daina.

"Ku goge kawai," ya ce can, muryarsa ta sauya. "Ba wani abu a ciki."

"Kilomita dubu sittin da ɗaya ne ba wani abu ba?"

Baba ne ya faɗa, da ƙarfi, kamar mai magana da wanda ke tsallaken titi.

"Baba. Ina wuni."

"Lafiya. Ya aiki?"

"Alhamdu lillahi."

Suka tsaya nan, kowa na jiran kowa. Injiniya ce ta cece mu. Ta matso ta gaishe da Yaya, ta gaya masa abin da za ta yi, ta ce tana son ta san inda ya ajiye fayil ɗin motar, don ta riga ta duba inda aka saba ba ta gani ba.

"Yana cikin kwamfutar, a wata jaka ta gefe," in ji Yaya. "An rubuta Darasin Lissafi."

Injiniya ta toshe baki. Baba ya girgiza kai, amma na ga gefen bakinsa ya motsa.

"Sai kalmar sirri," ta ce.

"Zan turo a rubuce."

"Faɗi kawai, ga biro a hannuna."

"A sifika nake?"

"Kana sifika," na ce.

Ya ja numfashi. "Baba ya dawo. A haɗe, ƙananan baƙaƙe."

Injiniya ta rubuta a takarda ba ta ɗago ba. Yaya ya fara bayani da sauri, wai abin da Mama ke faɗa ne in ta ji tsayuwar mota a waje, don ya yi maza ya kashe, shi ya sa kalmar ta zauna masa a kai, ba wani abu ba ne. Baba na ta murza hannun keke da babban yatsa.

"Ran da na yanke wayar wutar nan," ya ce, "ban duba abin da ke allon ba."



"Da na duba," ya ƙara.

"Ya wuce, Baba."

"Layin da ka yi wa motar ya yi faɗi. Nawa bai kai haka ba."

"Siraransa babu a gem ɗin."

"To."

Aka kira Yaya daga bayansa, ya ce hutu ya ƙare, zai kira. A hanyar komawa Baba bai gyara wa mai tasi tuƙi ba ko sau ɗaya. Tsohon faifan na aljihun rigarsa, Injiniya ta naɗe masa shi a wata leda mai ƙyalli, shi kuma ya ƙi ba ni in sa a jaka.

Kwana biyu aikin ya ɗauka, don sauko da gem ɗin ya yi ta tsinkewa. Ran da na je ɗauka, Injiniya ta buɗe shafin nan ta juyo mini da allon: takwas a jiki, bakwai da ɗigo tara ke aiki. Ta ce in gaya wa Baba ɗigo ɗayan ba ita ta ci ba.

Ba komai ne ya dawo daidai ba. Motar ta dawo, shuɗiya, da rubutunta da kilomitocinta. Amma saitin sitiyarin ya ɓace, sai da muka yi awa guda muna gyarawa, Baba na cewa ya yi sako-sako, in ƙara, ya ce ya yi tauri. Lodin janareton kuma babu shi. Gem ɗin ya mayar da motar gareji, wayam. Wannan ya ɓata masa rai sosai, ya yi ta faɗin cewa masu kaya za su ce Dogon Zango ya gudu da janareto. Mama ta ce in sun zo za ta ce yana barci. Ya harare ta, ita kuwa ta ci gaba da ninke kayan wanki.

Ya sami wani lodin mai zuwa birnin, bututun ƙarfe. Ranar Lahadi da hantsi ya kama hanya. Mama ta jawo kujera ta zauna a bayansa, karon farko, tana tambayar ko waɗancan shanun na gaske ne. Ya hau gadar. Aka fara ruwa a allon, ya kunna waifa. Gine-gine suka taso, motoci suka cika layi uku, wata bas ta sha gabansa ya danna mata hon. Ina ta jiran hoton ya tsaya. Sai na ga tayoyin sun sauka daga gada, ga fitilar kan hanya ta ba da ja, Baba ya taka birki a hankali ya tsaya a bayan farin layi.

"Ashe haka garin yake," ya ce.

Na ɗauki hoton allon na tura wa Yaya. Ko minti biyu ba a yi ba ya kira ta bidiyo. Yana zaune a bakin gado a wani ɗan ɗaki, ya yi ƙiba, ya tara gemu. Mama ta karɓe wayar ta yi ta yi masa faɗan gemun, da ƙyar na ƙwato. Ya ce in juya kyamarar, yana son ya ga birnin. Na jingina wayar da kwalbar maganin Baba yadda za ta kalli allo.

Baba ya bi ta cikin gari yana nuna masa abubuwa kamar shi ya gina su. A tashar jiragen ruwa aka nuna masa inda zai ajiye kaya, wani matsattsen wuri tsakanin kwantena biyu, sai da ribas.

"Akwai maɓallin da za ka danna ya ajiye maka, Baba," in ji Yaya. "Ni shi nake dannawa."

Baba ya taka birki. Ya juyo ya kalli wayar sosai.

"Kullum?"

"Ban taɓa iya ribas da tirela ba. Sai ta naɗe mini."

"Subhanallahi. Uwata, kin ji? Gyara wayar nan ya ga hannuna." Na gyara. "To duba. Ka manta da kan mota, bayanta kake tuƙawa. Sa hannunka a ƙasan sitiyari, nan. Inda kake son bayan ya tafi, can za ka kai hannun. Kaɗan-kaɗan. Kana gani?"

"Ina gani."

"Ba ka gani, kana kallon allo. Hannuna na ce."

Ina da aikin rana a kanti, kuma na riga na makara. Na ɗauki jakata, na gaya wa Mama cajin wayar ya kusa ƙarewa, ga caja nan a kan firji. Ta ce to ni da me zan tafi aiki? Na ce ta bari kawai, ba mai nemana. Ina sa takalmi a bakin ƙofa ina jin Baba yana cewa zai fito da motar ya sake shiga, wannan karon Yaya ne zai riƙa faɗa masa inda zai juya.